Zumar Hajiya: Ki Sha Ta, Kada Ki Ɗiga Ta a Kunne

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 31, ina ɗinki a gida a Zariya. Tun tsakiyar damina kunnena na hagu ke yi min ƙaiƙayi har ya hana ni barci. Na je kemis aka ba ni maganin ɗigawa, na yi wajen sati uku ina sawa, maimakon sauƙi sai abin ya ƙaru. Yanzu kunnen ya toshe, ba na jin magana sosai ta wannan gefen, kuma in na sa tsinken auduga sai ya fito da wani abu fari-fari mai ɗigo-ɗigon baƙi. Wata maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya ta ce da alama fangas ne. Surukata ta aiko min da zuma daga ƙauye, ta ce in riƙa ɗigawa safe da dare. Maigidana ma ya goyi bayanta, ya ce zuma waraka ce da nassin Alƙur'ani, har ya nuna min a waya inda aka ce tana kashe fangas. Ni kuma tsoro nake ji, don ina ƙarama wannan kunnen ya daɗe yana zubar da ruwa kafin ya daina. In na ƙi kuma za a ce na raina Hajiya. Yaya zan yi?

Wata baiwar Allah daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, Allah ya ba ki lafiya ya sa kaffara ce.

Kada ki ɗiga zumar nan a kunnenki. Ki daina sa maganin kemis ɗin ma, ki ajiye tsinken auduga, ki nemi likitan kunne a cikin makon nan. Dalilina na farko yana cikin abin da kika faɗa a kusan ƙarshen wasiƙarki, cewa kunnen ya daɗe yana zubar da ruwa kina ƙarama.

Yaron da kunnensa ya yi watanni yana zubar da mugunya, galibi ta wata huda ce a dodon kunne ruwan ke biyowa. Sau da yawa hudar takan haɗe da kanta idan ciwon ya warke. Wani lokaci kuwa ba ta haɗewa, ruwan ne kawai ya ƙafe, mutum ya girma ya yi aure ya haifi 'ya'ya da huda a kunne bai sani ba. Ko ta haɗe ma, wurin yakan zama shara-shara, kuma ita kanta cutar da ake zargin kina da ita tana iya sake huda shi. Babu mai iya gano wannan a gida. Ramin kunnen babba ya kai kusan santimita 2.5, ga shi a lanƙwashe, ko an haska da tocilan ɗin waya bakin ramin kawai za a gani. Sai da na'urar leƙa kunne, a hannun wanda ya san abin da yake kallo.

Bayan dodon kunne akwai wani ɗan ɗaki mai ƙananan ƙasusuwa uku da ke kai sauti ciki. Gaba da shi akwai sashen da ke mayar da sauti ji, da wanda ke riƙe mutum ya tsaya daidai ba tare da jiri ba, kuma jijiyar da ke motsa fuska ta nan kusa ta ratsa. Ƙwayoyin jin da ke can ciki idan suka mutu ba sa sake tsirowa. A shekarar 2012 masu bincike a Kanada suka gwada wata irin zuma da ake kira manuka, wadda aka sirka rabi da rabi, suka sa ta a bayan dodon kunnen wasu ƙananan dabbobi da ake kira cincila, waɗanda ake yawan gwajin kunne a kansu. Dabbobin suka samu mummunan kumburi, jinsu ya lalace, suka kasa tsayawa daidai, fuska ta shanye. Da aka sake gwadawa daga baya da zuma kashi 4 kacal cikin 100, ba a ga irin wannan ɓarna ba. Ke kuwa tsantsarta aka ce ki ɗiga.

Abin da maigidanki ya gani a waya ba ƙarya ba ne, rabin zance ne. Zuma tana da ƙarfin magani na gaske, kuma ni ba na cikin masu yi wa maganin gida kallon raini. Kusan kashi 80 cikin 100 nata sukari ne, ruwan da ke cikinta bai cika wuce kashi 17 zuwa 18 ba, don haka ƙwayar cutar da ta faɗa ciki sai zumar ta zuƙe mata ruwan jiki. Tana da tsami wanda harshe ba ya ji saboda zaƙi ya rufe shi, kuma yawancin ƙwayoyin cuta ba sa son tsami. Ƙudan zuma kuma suna zuba mata wani sinadari da ke samar da kaɗan-kaɗan na ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi a asibiti. Ita manuka, wadda ake samu daga furen wata bishiya a ƙasar Niyu Zilan, tana da ƙarin wani sinadari na daban. Saboda waɗannan dalilai ne a 2007 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Medihoney, abin ɗaure ciwo da aka yi da zuma, kuma har yau ana amfani da irinsa a kan ƙuna da gyambo.

A ɗakin gwaji ma an ga zuma ta hana wasu nau'o'in fangas, wato dangin fumfuna, girma, musamman wanda ake kira Candida. Amma a faranti ne aka gani, inda zumar ke nan da kaurinta, babu gumi babu ruwan ciwo da zai sirka ta. Kuma ko a can, dangin fumfuna sun fi bakteriya jure wa zuma, sai an sa mai kauri sosai kafin su saduda. Ba sai an je ɗakin gwaji ba ma: zumar da aka ɗebo kafin ta ƙosa, ko wadda mai sayarwa ya ƙara wa ruwa, in ta kwana biyu sai ki ga tana kumfa tana warin tsami. Yis ne ya samu abinci a ciki yake ci, kuma Candida ma yis ne. Ƙarfin zuma yana tare da kaurinta. Da zarar ta tsinke, ta koma ruwan sukari.

To abin da zai same ta a kunnenki ke nan. Zuma tana jawo danshi daga duk abin da ke kusa da ita. Ramin kunne mai ciwo yana da ɗumi, yana tsattsafo da ruwa, ga shi ƙarshensa a rufe, iska ba ta ratsawa. Cikin 'yan awanni ɗigon da kika sa ya tsinke ya kwanta a can ƙasa inda hannu ba ya kaiwa. Mai ɗaure gyambo da zuma yana ganin ciwon da idonsa, ya wanke, ya cire tsohon bandeji ya sa sabo da sabuwar zuma. A kunne babu mai canza miki. Ga shi kuma cutar takan yi wata shimfiɗa mai kauri a kan fatar ramin, wadda ko maganin da ya dace ba ya ratsawa sai an cire ta. Zumar za ta zauna a saman wannan shimfiɗa ta ƙara toshe kunnen, ranar da kika je asibiti kuma ta hana likita ganin ciki. Ban ma yi zancen kiyashi ba, da za su bi zaƙi har kan matashi cikin dare.

An yi wasu ƙananan gwaje-gwaje a Holan inda aka sa zuma a kunnen mutane, wannan gaskiya ne. Sai dai zumar asibiti ce da aka tace aka kashe duk wata ƙwayar cuta da ke ciki da wani irin haske na musamman, likitocin kunne ne suka zaɓi marasa lafiyan bayan sun duba su, kuma har yanzu abin bai zama maganin da ake rubuta wa masu irin cutarki ba.

Ba na zargin zumar Hajiya da algus. Na tabbata ta fi wadda ake dafa sukari a ɗura a kwalba a tsaya da ita bakin titi. Amma zuma ta zama mai kyau daban, ta zama babu ƙwayar cuta a ciki daban. Ki tuna yadda ake ɗebo ta daga amya: a yi hayaƙi, a ciro saƙa, a matse da hannu, kaki da toka da 'ya'yan zuma duk su biyo. Wasu ma sai sun ɗora ta a wuta don ta narke, zafi kuwa yana lalata sinadarin nan mai samar da ruwan kumfa. Cikin babba yana iya wa duk wannan ba tare da matsala ba. Fatar da ta kumbura ta tsattsage da susa ba haka take ba. Tunda zancen ya zo, ga tunatarwa ga masu jego da ke karanta mu: ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko da lasa ce, domin takan ɗauko ƙwayar da ke haddasa wata cuta mai shanye jiki, wadda hanjin jariri bai yi ƙwarin da zai kare kansa daga gare ta ba.

Maƙwabciyarki ta yi hasashe mai kyau, ko da yake likita ne zai tabbatar. Likitoci suna kiran cutar otomaikosis, kuma ta fi yawa a ƙasashe masu zafi da danshi. Iri biyu ne suka fi kawo ta. Akwai Aspergillus niger, shi ne mai ɗigo-ɗigon baƙin nan da kike gani, kuma kin san shi tun ba yau ba: shi ne baƙin garin da kan fito tsakanin ɓawon albasa idan ta daɗe a ajiye. Sai Candida, mai fari-fari kamar guda-gudan kindirmo, wanda shi ne ke sa bakin jarirai ya yi fari, shi ne kuma ke kawo wa mata ƙaiƙayin gaba. Makero da kyasfi ma duk 'yan gida ɗaya ne da su. Ƙurar wasunsu tana cikin iskar da muke shaƙa kullum, wasu kuma a jikinmu suke zaune, ba ƙazanta ce ta kawo miki ba. Damar shiga kawai suka samu.

Mu ne kuma muke ba su damar. Daudar kunnen nan da muke yaƙi da ita da tsinken auduga, da gashin kaza, da ashana, da murfin biro, ita ce garkuwar kunne. Tana da maiƙo da ke korar ruwa, tana da ɗan tsami da ke hana fumfuna tsira. Kunne kuma yana share kansa, fatar ramin tana tafiya a hankali daga ciki zuwa waje tana ɗauke da dattin. Duk sanda kika zura tsinke kin kwashe garkuwar, kin kankare fatar, kin tura sauran dattin can ciki. Ƙara da markar Agusta, da ɗaura ɗankwali a sa hijabi kan gashin da bai gama bushewa ba, da iyafis da na san yawancin masu ɗinki ba sa rabuwa da shi in suna kan keke.

Sai maganin kemis. Galibin abin da ake miƙo wa mai ciwon kunne a kanti maganin bakteriya ne, wani ma haɗe da sinadarin rage kumburi. Ba ya taɓa fumfuna. Abin da yake yi shi ne ya kashe bakteriyar da ke zaune lafiya a fatar kunne, wadda da ma ita ke tsare wurin, sai fumfuna ta samu fili babu abokin hamayya. Shi ya sa kika ga sati uku kina ɗigawa abin na gaba. Wani abin da ya fi damuna shi ne, wasu daga cikin magungunan nan, irin su gentamicin da neomycin, suna iya lalata ji idan suka bi ta huda suka shiga ciki. Kada ki yar da kwalbar. Ki tafi da ita asibiti likita ya ga abin da kika sa.

Kina Zariya, kin yi sa'a. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, a Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999. Na Kano suna da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, na Sakkwato suna da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, 'yan'uwanmu na Nijar kuma su tambayi sashen ORL, wato na kunne da hanci da maƙogwaro, a babban asibiti.

Kafin a taɓa ki, ki fara faɗa wa likita zancen zubar ruwan yarintarki. Kada ki yarda wani ya wanke miki kunnen da sirinji da ruwa kafin a tabbatar dodon kunnen lafiya lau yake. Babban maganin cutar nan shi ne a fitar da ita: likita zai sa wani siririn bututu ya zuƙe tarkacen, ko ya goge a hankali yana kallon abin da yake yi. Akwai ƙara, akwai ɗan rashin daɗi, amma mutane da yawa a nan take suke jin kunnen ya buɗe. Bayan nan ne magani ke da amfani, kuma wanda aka fi bayarwa shi ne clotrimazole. Idan aka tarar da huda, likita zai canza salo, domin na ɗigawar yana da zafi sosai in ya shiga ciki. Yakan shafa na shafawa da kansa, ko ya sa shi a jikin 'yar lagwani ya cusa. Ƙaiƙayin zai lafa cikin 'yan kwanaki, a nan ne kuma mutane ke yin kuskure su ajiye magani. Ki cika kwanakin da aka ce, galibi sati biyu ko fiye, ki koma ranar da aka ce ki koma ko da kin ji garau, domin cutar nan tana da naci kuma sau da yawa sai an sake zuƙewa. In ta tafi ta dawo, ki nemi a auna miki sukari.

A gida aikinki ɗaya ne, kunnen ya zauna a bushe. In za ki yi wanka ko wanke kai, ki dunƙule auduga ki shafe ta da basilin ki toshe bakin ramin, in kin gama ki cire ki yar. Alwala shafar kunne ce, ba a ce a zuba ruwa a rami ba, ki yarfe yatsunki ki shafa waje. Ki bar gashi ya bushe kafin ki ɗaura, in kina ɗaki ki saki kunnen ya sha iska. Iyafis ya huta har ki warke, ki kuma goge shi da sifirit kafin ki koma gare shi. Man zaitun, man habbatus sauda, ruwan tafarnuwa, ruwan albasa, nonon mai shayarwa, duk wanda aka kawo miki hukuncinsa ɗaya da zumar. In ƙaiƙayi ya taso, ki danna ɗan tudun nan da ke gaban ramin da yatsa ki murza daga waje.

Yanzu ga abin da na san ya fi ciwon damunki. Hajiya ba cutar da ke take son yi ba. Ta ji ba ki da lafiya, ta ɗauko abu mafi daraja da take da shi ta aiko. Abin da zai ɓata mata rai shi ne ta ji an ce zumarta ba ta da amfani, ko ta zo ta tarar da kwalbar a rufe yadda ta aiko ta. Don haka ki buɗe ki sha. Ki sa a koko, ki sa a shayi, ki ba yaran da suka wuce shekara ɗaya in suna tari, don a nan kam tana taimakawa. Ki kira ta ki gaishe ta ki ce: "Hajiya, zuma ta iso, Allah ya saka da alheri ya ƙara girma. Ina sha kullum da safe. Shi kunnen tun ina yarinya yake da matsala, za a leƙa cikinsa tukuna kafin a sa masa komai." Babu ƙarya a ciki, babu gardama. Kada ki ɗauko mata bayanin sukari da danshi, ba wurinsa ba ne, kuma daga bakin suruka zai yi kama da koyarwa. In akwai ƙarin bayani, ɗanta ne zai yi mata.

Shi ne kuwa ya kamata ki zauna da shi, a lokacin da hankalinsa ke kwance. Ki fara da yarda da shi, domin ayar gaskiya ce: a Suratun Nahli, aya ta 69, Allah ya ce a cikin zuma akwai waraka ga mutane. Amma a wannan ayar abin sha aka kira ta. Mutumin da ya zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ƙarar ciwon cikin ɗan'uwansa, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa aka yi ya shayar da shi. Ibn Kasir ma a tafsirin ayar ya kawo bayanin cewa ba ana nufin zuma maganin kowace cuta ba ce. Ita kanta sunna ta ajiye kowane magani a muhallinsa, ido aka ba shi tozali, wasu cututtukan aka yi musu ƙaho, zazzaɓi aka ce a sanyaya shi da ruwa, kuma an umarce mu da neman magani. In bai gamsu daga bakinki ba, ya tambayi malamin da ya yarda da shi.

Zan faɗi ra'ayina ko da ba zai yi masa daɗi ba: bai dace a mayar da tsoron da kike ji ya zama ma'aunin imaninki ba. Kin san tarihin kunnenki, su ba su sani ba. Ina ma zaton ba ki taɓa ba shi labarin zubar ruwan nan ba, don ba irin abin da ake tunawa a faɗa ba ne. Ki faɗa masa yanzu, ki kuma roƙe shi ya raka ki asibitin ya ji da kunnensa. Namijin da ya tsaya likita ya yi masa bayani, shi da kansa zai je ya shawo kan mahaifiyarsa.

In kuma kin riga kin ɗiga sau ɗaya ko biyu don a zauna lafiya ba ki faɗa min ba, kada ki ce za ki ɗauraye da ruwa. Ki bar shi haka, ki gaya wa likita gaskiya.

Akwai alamomin da ba a jiran ranar asibiti da su. In kika ji zafi mai tsanani da ke ƙaruwa da dare, ko jiri da amai, ko zazzaɓi, ko bayan kunnen ya kumbura, ko jin ya ɗauke farat ɗaya, ko kika ga baki ya karkace ko ido ɗaya ya ƙi rufuwa, ki tafi sashen gaggawa a ranar. Masu ciwon sukari da tsofaffi da waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni su fi kowa kiyaye wannan, domin a wurinsu ciwon ramin kunne yana iya cin ƙashin da ke kewaye da shi, kuma maganinsa sai an kwantar da mutum ana yi masa allura na makonni.